Tsararriyar Mutuwa a Rumbun Ƙwai: Tarihin Gano Ta da Matsayinta ga Kiwo a Boɗinga da Shagari

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya tashi a ƙasar Sakkwato ya san awaki biyu za su iya zama a garke ɗaya, bunsuru ɗaya ya barbare su, amma ɗaya ta riƙa haihuwar tagwaye, ɗayar kuwa ta tsaya a kan ɗa guda. Ya kuma san a shekarar da damina ta yi gardama shanu sukan ƙi ɗaukar ciki, ko da bijimi yana tare da su dare da rana. Makiyaya sun daɗe da sanin waɗannan abubuwa, sun kuma gina dabarun kiwonsu a kansu. Masana ilmin halitta kuwa sun shafe fiye da shekara 300, watau daga 1672 zuwa 1991, kafin su kai ga ainihin dalili. Dalilin yana cikin wata 'yar tsoka wadda a jikin akuya ba ta wuce girman ƙwallon dabino ba.

Manufar wannan takarda ita ce a bi tarihin wannan bincike, a kuma gwama shi da tarihin kiwo a ƙasar da ke kudu da birnin Sakkwato, watau Boɗinga da Shagari. Abin da takardar ke son tabbatarwa shi ne, ƙwan da aka halicci dabba da shi ya ninka bukatarta sau dubbai, don haka yawan haihuwarta yana rataye ne ga 'yan kaɗan ɗin da suka kuɓuta daga mutuwa, kuma hannun makiyayi yana da rabo a cikin wannan kuɓuta.

2.0 Bayanin Kalmomi

Kowace macen dabba mai shayarwa tana da 'yan tsokoki biyu a gefen mahaifa, ɗaya dama ɗaya hagu, inda ƙwanta yake ajiye. A wannan takarda za a kira su rumbun ƙwai. Kowane ƙwai yana ƙunshe cikin wata 'yar jaka, waɗansu ƙwayoyin halitta suna kewaye da shi suna ciyar da shi. Za a kira jakar da sunan jakar ƙwai, ƙwayoyin kuma ƙwayoyin reno.

Ƙwayar halitta tana mutuwa ta hanya biyu. Akwai mutuwar rauni, irin wadda ƙuna ko dafi ko tsinkewar jini kan jawo, inda ƙwayar za ta kumbura ta fashe, wurin ya yi zafi ya tara ruwa. Akwai kuma tsararriyar mutuwa, wadda ƙwayar ke aiwatarwa da kanta bisa wani umurni da ke rubuce a cikinta. A nan takan tsuke, ta yayyanka sinadarin gadonta, watau DNA, ta rarrabu ƙulli-ƙulli, sai maƙwabtanta su haɗiye ta ba tare da kumburi ko ciwo ba. Wannan ta biyun ita ce ke cinye fiye da kashi 99 cikin 100 na jakunkunan ƙwai.

Misali mafi kusa shi ne shukar gero. Manomi yakan zuba ƙwayoyi da yawa a rami guda, in sun tsiro ya dawo ya rage, ya bar biyu ko uku gwargwadon ƙarfin ƙasa da takin da ta samu. Jikin dabba ma haka yake yi, sai dai shi ragin nasa yana farawa tun dabbar tana cikin uwarta.

3.0 Ƙasar da Dabbobinta

Boɗinga da Shagari suna kan hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta nufi Tambuwal da Jega. A Sifawa, cikin ƙasar Boɗinga, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna daga wajen 1810 zuwa 1815, ƙanensa Malam Abdullahi kuma yana zaune a Boɗinga. Shagari kuwa ita ce mahaifar Alhaji Shehu Shagari, wanda aka haifa a 1925. Tun wancan zamani ƙasar ta noma da kiwo ce tare: gero da dawa da wake a tudu, dabbobi su ci kara da harawa bayan kaka, gona kuma ta sami taki. Shanun da aka fi sani su ne Gudali, waɗanda ake kira bokoloji, masu gajeren ƙaho, da rahaji jajaye masu dogon ƙaho. A tumaki akwai Uda mai launi biyu. A awaki kuwa jar akuya ita ce sarauniya.

Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, ya kwaɗaitar da Fulani makiyaya su zauna a garuruwa da ribaɗi, su ƙara kiwon dawaki da raƙuma da tumaki da awaki, dabbobin da ba su tilasta doguwar tafiya kamar manyan garkunan shanu. Jar akuya ta dace da wannan zama. Majema suna jeme fatarta da bagaruwa, a rina ta da karan dafi, fatake su kai ta Kano, ayari ya ƙetara da ita hamada zuwa Gadamas da Tarabulus. A Turai an san wannan fata da sunan Maroko, ko da yake mai yawa daga cikinta daga ƙasar Hausa ta fito.

Ta fuskar ilmi, malaman wannan daula sun gaji likitancin Larabawa, Muhammadu Bello da kansa ya yi rubuce-rubuce a kan magani. Wannan likitanci, wanda ya ɗauko daga Jalinusu na Yunanawa, ya yarda cewa mace ma tana da nata iri kamar yadda namiji yake da shi. Ganin irin da ido kuwa sai da madubin girmama ƙananan abubuwa ya samu.

4.0 Daga Ganin Jaka zuwa Ganin Mutuwarta

A 1672 wani likita na ƙasar Holan mai suna Regnier de Graaf ya wallafa bayanin jakunkunan ƙwai, bayan ya feɗe zomaye a lokuta dabam-dabam bayan barbara. Ya zaci jakar kanta ita ce ƙwan. Sai a 1827, shekarar da Bature Clapperton ya rasu a Sakkwato yana baƙon Muhammadu Bello, Karl Ernst von Baer ya buɗe jakar ƙwan wata karya a birnin Königsberg ya ga ƙwan da ke ciki, ɗan ɗigo wanda faɗinsa bai fi kashi ɗaya cikin goma na milimita ba.

Daga nan tambaya ta sake. Masu feɗa suna ganin jakunkuna birjik a rumbu, alhali 'ya'yan da dabba ke haifa ba su taka kara sun karya ba. Ina sauran suke tafiya? A 1885 Walther Flemming na Jami'ar Kiel ta Jamus ya duba rumbun ƙwan zomo, ya zana abin da ya gani: ƙwayoyin reno sun tsuke, cibiyoyinsu sun dunƙule sun farfashe, suna ɓacewa cikin ruwan jakar. Ya kuma lura cewa a lafiyayyar dabba abin yake faruwa. Tun 1842 Carl Vogt ya ga mutuwar ƙwayoyi a jikin talibambam, amma zanen Flemming shi ne bayani na farko mai kyau na yadda tsararriyar mutuwa take a ido. Ke nan a jakar ƙwai aka fara ganin siffar wannan mutuwa sosai.

Abin mamaki, wannan aiki ya kwanta kusan shekara 80 ba a ba shi muhimmanci ba, domin hankalin masana ya tafi ga yadda ƙwayoyi ke rabuwa su yawaita, wanda shi ma Flemming ne ya bayyana shi. A tsakanin haka aka yi ƙidaya. A 1963 T. G. Baker ya nuna cewa 'yar tayin ɗan Adam tana da ƙwai kusan miliyan 7 a wata na biyar na ciki, amma ranar haihuwa saura wajen miliyan 2. Waɗanda za su nuna su fito a tsawon rayuwar mace ba su wuce 400 zuwa 500 ba. A 1966 B. H. Erickson ya ƙidaya na shanu, ya sami fiye da jaka 100,000 a rumbun karsana, dabbar da in ta haifi maruƙa goma an ce ta yi albarka.

A 1964 Richard Lockshin da Carroll Williams na Harvard suka yi amfani da lafazin da muka fassara da tsararriyar mutuwa, a bincikensu kan ƙwaron siliki. A 1972 John Kerr da Andrew Wyllie da Alastair Currie, suna aiki a Aberdeen, suka nuna cewa siffa ɗaya ce ake gani a gaɓoɓi iri-iri, suka raɗa mata suna afoftosis, kalmar Yunananci mai nufin zubar ganye daga itace. Sunan ya dace, domin zubar ganye ba cuta ba ce: kuka tana zubar da nata da rani, gawo yana zubar da nasa da damina, kowa da lokacin da aka tsara masa. A 1980 Wyllie ya gano cewa DNA na irin wannan ƙwaya yakan yanku gunduwa-gunduwa bisa awo ɗaya, wannan ya zama alamar da ake gane mutuwar da ita. Da wannan alama a 1991 Hughes da Gorospe suka gwada rumbun ƙwan ɓera, Jonathan Tilly da abokan aikinsa suka gwada na kaza da alade, duka suka tabbatar cewa afoftosis na ƙwayoyin reno shi ke rushe jakar ƙwai. Bincike ya koma inda Flemming ya bar shi bayan shekara 106. A 2002 aka ba Brenner da Horvitz da Sulston lambar Nobel saboda aikinsu kan wata 'yar tsutsa, wadda a cikin ƙwayoyinta 1,090 guda 131 suke mutuwa a tsare, aikin da ya tona ƙwayoyin gadon da ke ba da umurnin.

5.0 Abin da Ke Raba Mai Kuɓuta da Mai Mutuwa

Saniya da akuya sukan nemi namiji duk bayan kimanin kwana 21, tunkiya kuwa 17. A 1960 Rajakoski na ƙasar Finlan ya ce jakunkunan saniya ba sa girma ɗai-ɗai, rukuni-rukuni suke tashi. A 1988 na'urar ɗaukar hoton ciki ta gaskata shi: rukuni biyu ko uku ne a kowane zagaye na saniya. A akuya galibi huɗu ne.

Yadda abin yake shi ne, wata 'yar tsoka a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa tana sako wani sinadari da ake kira FSH cikin jini. In ya ƙaru, sai rukunin jakunkuna su tashi tare. Wadda ta riga sauran girma takan fitar da nata sinadarai waɗanda ke rage FSH, ita kuma ta riga ta koyi dogara ga wani sinadarin mai suna LH. Sauran, da yake abin da ke riƙe da ransu ya yanke, sai ƙwayoyin renonsu su buɗe umurnin mutuwa. Ita ma babbar ba ta tsira ba tukuna, domin in ta nuna a tsakiyar zagaye ba za ta sami damar fashewa ba, sai ta bi sahun 'yan'uwanta. Ta rukunin ƙarshe ce kaɗai ke sakin ƙwai. Ma'ana, mutuwa ita ce makomar kowace jaka sai wadda aka ceta. A saniya ƙofar ceton takan ɗauki ɗaya, a jar akuya sau da yawa biyu, wani lokaci uku. Asalin tagwaye ke nan.

Abubuwa biyu ke faɗaɗa ƙofar ko su tsuke ta. Na farko gado. A 1980 masana a Ostareliya suka nuna cewa yawan haihuwar tumakin Booroola daga ƙwayar gado ɗaya yake, a 2001 kuma aka gano ainihin wurinta. Na biyu abinci. Dabbar da ta ƙoshi tana da isasshen insulin da sinadarin girma a jininta, waɗanda ke ƙarfafa ƙwayoyin reno. Wadda ta rame kuwa, LH yakan yi ƙasa, jakarta ta girma ta kasa nuna ta mutu, a ga wata da watanni ba ta nemi namiji ba. Tsananin zafi irin na bazara da tsotson ɗan maraƙi suna ƙara nauyi a kan haka. Hausawa sun ce sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Jikin da bai ƙoshi ba ba ya ɗaukar nauyin ciki.

A nan ne ilmin makiyayi da na ɗakin bincike suka haɗu. Bafulatanin da ke kai shanu fadama da rani, da matar da ke ajiye harawar wake da dusa da 'ya'yan gawo saboda akuyarta, da wanda ke riƙe 'yar akuyar da uwarta ke haihuwar tagwaye ya sayar da waninta, duk suna aiki ne a kan ƙofar nan, na farko da na biyu ta hanyar abinci, na uku ta hanyar gado.

6.0 Zamanin Turawa: An Zaɓi Fata

Annobar bushiya da ta auka wa shanun Afirka ta Yamma wajen 1891 ta halaka mafi yawansu, don haka aikin likitan dabbobi na zamanin Turawa ya fara ne da yaƙi da cuta. A 1924 aka kafa cibiyar Vom, a 1928 kuma gonar dabbobi ta Shika kusa da Zariya. A ƙasar Sakkwato kuwa abin da ya ja hankalin hukuma shi ne fatar jar akuya, saboda kasuwarta a Ingila da Amurka. Aka koya wa mahauta fiɗa ba tare da huda fata ba, da shanya a inuwa. A shekarun 1930 ma'aikatan dabbobi suka shiga dandaƙar bunsuran da ba jajaye ba, domin launin ya tsarkaka. Faransawa sun yi irin wannan a ƙasar Maraɗi, inda a 1963, bayan samun 'yancin Nijar, aka buɗe cibiyar kiwon jar akuya.

Abin lura shi ne ma'aunin zaɓen. Launin gashi da ingancin fata aka duba, domin su ne ake saya a ƙasashen waje. Bunsuru baƙi ko mai roɗi-roɗi, ko da uwarsa 'yan uku take haifa, ba ya tsira. Yawan haihuwa, wanda shi ne ribar mai akuyar, an bar shi ga matan gida, su ne suka riƙe shi ta hanyar sanin akuyar da ke da albarka. Sai daga baya masana suka juyo kansa. Robinet ya yi dogon nazari kan jar akuyar Maraɗi a 1967, Haumesser ya nazarci haihuwarta a 1975, a 1979 kuma Adu da abokan aikinsa suka wallafa nasu daga Shika, wadda ta zama cibiyar binciken kiwo ta ƙasa a 1976. Binciken ya nuna abin da matan suka sani: jar akuya tana balaga da wuri, ba ta da ƙayyadadden lokacin barbara a shekara, tagwaye kuma suna ƙaruwa yayin da uwa ta manyanta.

7.0 Darasin Shekarun Fari

Farin 1972 zuwa 1974, da bushiyar da ta dawo a 1983, da farin 1984, sun gwada wannan ƙasa. Hasarar da aka fi gani ita ce ta dabbobin da suka mutu. Akwai ta biyu wadda ido ba ya gani, watau maruƙan da ba a yi cikinsu ba, domin shanun da suka tsira sun rame har jakunkunansu sun daina kaiwa ga nuna. A kiwon gargajiya karsana takan kai wajen shekara huɗu kafin haihuwar fari, ta yi wata tara da ciki, ta haifi ɗaya, tazarar haihuwarta kuma takan kai shekara ɗaya da rabi zuwa biyu. Akuya kuwa wata biyar take yi, takan haihu tana da shekara ɗaya ko ɗan fiye, tana kuma cin ganyen itatuwa lokacin da ciyawa ta ƙare. Shi ya sa gidaje da yawa da awaki suka sake tayar da dukiya, a tara su a sayar a sayi karsana. Al'adar ba da akuya kiwo a raba 'ya'ya, da haɓɓanaye na Fulani, duk a kan wannan saurin haihuwa suka dogara.

Ilmin zamani ya buɗe wata hanya. Tun da an san FSH ne ke ceton jaka, ana yi wa saniya mai kyau allurarsa, jakunkuna da yawa da za su mutu su nuna tare, a ɗebe 'yan tayin a dasa wa waɗansu shanu. Walter Heape ya fara dashen tayi a zomo a 1890, a 1951 aka haifi ɗan maraƙi na farko ta wannan hanya a Amurka. Wannan aiki ne mai tsada. Amma akwai ɓarnar da ta fi kusa da mu, wadda hana ta ba ya bukatar na'ura mai tsada: malaman likitancin dabbobi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo sun sha rubutu kan yawan dabbobi masu ciki da ake yankawa a mahauta, galibi saboda talauci da rashin abincin dabba da rani suna tilasta sayarwa. Ƙwai ɗaya da ya tsallake ragin da ya cinye dubbai, ya zama tayi, sai ya ƙare a bakin wuƙa.

8.0 Kammalawa

Takardar ta nuna cewa jakar ƙwai ita ce inda aka fara zana tsararriyar mutuwa a 1885, kuma an tabbatar da hakan a 1991. Ta nuna cewa gado da abinci su ke ƙayyade yawan jakunkunan da ke kuɓuta, kuma makiyayan Boɗinga da Shagari suna sarrafa duka biyun tun kafin a san sunayensu, alhali tsarin hukuma ya daɗe yana kallon fata. Bisa ga haka ana ba da shawarwari huɗu.

Na farko, malaman gona su ƙarfafa ƙarin harawa da dusa na mako biyu zuwa uku kafin barbara, musamman ga dabbar da ta rame, domin a lokacin ne ɗan abinci ke sayen tagwaye. Na biyu, a riƙa zaɓen bunsuru da rago ta duba haihuwar uwarsa tare da launinsa. Na uku, a riƙa duba ciki kafin yanka, a kuma samar da hanyar sayen mai ciki daga hannun wanda bukata ta matsa wa. Na huɗu ya shafe mu malaman kwalejojin ilmi: a daidaita kalmomin wannan fanni da Hausa, a kuma tattara na bakin makiyaya da mahauta tun dattawan da suka ga farin 1973 suna raye.

Ɗalibin da ya fahimci wannan darasi zai amfana har a gidansu. Zai san cewa ragin nan yana gudana a jikin kowace mace tun kafin a haife ta, ciki ko shayarwa ba sa tsayar da shi, kuma ɗaukewar haila a wajen shekara 50 ƙarewar rumbu ce bisa tsari. Zai kuma san cewa saniyar da aka yi wa laƙabin juya a ƙarshen rani, sau da yawa ciyawa take jira.